Nishin Jariri Cikin Barci: Yaushe Za a Tafi Likita?

Mai jego ta sani cewa jariri ba ya barci shiru. Yana barci awa 14 zuwa 17 a dare da rana, kusan rabinsu kuwa barci ne marar nauyi, wanda a cikinsa yake nishi, ya yamutsa fuska, ya tsotsi leɓe, har ya ɗan tsala ƙara idonsa rufe. Ta hanci yake yawan shaƙar iska, ƙofar hancin kuma ƙarama ce, ƙurar hunturu ko hayaƙin kara kaɗan sun isa su sa shi minshari. Numfashinsa ma bai daidaita ba tukuna: ya yi sauri, ya tsaya daƙiƙa 5 zuwa 10, ya ci gaba. Duk wannan lafiya ce. Saboda haka kunne kaɗai ba ya raba mai lafiya da mai ciwo, sai an buɗe zane an dubi ƙirji.

Ga ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, jaririn da bai kai wata 2 ba, in yana kwance lafiya lau amma ya ja numfashi sau 60 ko fiye a minti ɗaya, a kai shi likita. Haka nan in ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa sosai, ko nishin ya bi kowane numfashi, ko ya ƙi mama, ko jiki ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko leɓe ya sauya launi. Agogon wayar maigida ya isa ƙidayar.

Wani zai ce ai kakanni sun san maganin kakari, a kira wanzami ya cire beli, a ɗura bauri. Beli ba ya toshe numfashi, askar kuwa tana jawo zubar jini da shigar cuta, ɗura kuma kan sarƙe yaro. Kakarin da ake yaba wa wanzami da kansa yake wucewa yayin da yaro ke girma. Wani kuma zai ce daga ƙauyukan Korgom ko Kanembakashe na Nijar tafiya a amalanke cikin dare ba wasa ba ce, ga kuɗi. Wannan magana ce mai nauyi, shi ya sa ƙidaya ta fi zato: tana hana tafiyar banza, tana hana jiran safiya ga mai ciwon huhu. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5, ko da yake magani kan yanke. A fara da likitar da ta fi kusa; in abin ya fi ƙarfin ma'aikatanta, su za su tura yaro babbar likitar Tasawa ko ta Mayahi.