Yadda ake hangowa da gane malam-buɗe-littafin monak a lokacin ƙaurarsa

Daga ƙarshen watan Agusta na kowace shekara, miliyoyin wani malam-buɗe-littafi da ake kira monak kan bar kudancin Kanada da arewacin Amurka su nausa kudu. Nauyin ɗaya bai wuce rabin giram ba, amma wasunsu kan ci tafiyar kilomita 4,000 kafin su sauka a dazuzzukan itatuwan oyamel da ke kan duwatsun jihar Michoakan da jihar Meziko. Ganinsu a hanya ba wuya. Wuyar ita ce ka tabbatar abin da ka gani monak ne, domin yana da masu kama da shi.

Fara da lissafin lokaci da wuri, don wanda ya kuskure wannan ya yi asarar fita. A yankin manyan tafkunan da ke tsakanin Kanada da Amurka, Satumba ne watan. Ana tsayawa a wurare irin su Point Pelee a lardin Ontario, inda ƙasa ta yi tsini cikin tafkin Erie. Monak ba ya son tsallaka ruwa mai faɗi sai iska ta ba shi dama, saboda haka sai su taru a bakin ruwa suna jira. Haka abin yake a Cape May da ke jihar New Jersey. A watan Oktoba kuma ayarin kan matse ya bi ta jihar Tekzas, ya isa Meziko a farkon Nuwamba, daidai da bikin tunawa da matattu da mutanen ƙasar ke yi. Na yammacin duwatsun Rocky ba su cika zuwa Meziko ba, gaɓar tekun Kalifoniya suke sauka, a garuruwa irin su Pacific Grove da Pismo Beach.

Sai ka duba yanayin ranar. Idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 13 a ma'aunin Selshiyos, monak ba ya iya tashi sosai. Ranar da ta fi kyau ita ce wadda rana ta fito bayan wucewar sanyi, iska kuma tana busowa daga arewa. Da hantsi ka ɗaga kai sama da madubin hangen nesa, don sukan hau iska mai ɗumi su yi nisa har ido ya kasa kai musu. Da la'asar ka koma gonaki da gefen hanya inda furanni suke, musamman mai ruwan ɗorawa da ake kira goldinrod, nan suke shan zaƙin fure su tara kitsen da zai riƙe su duk hunturu. Gab da magariba kuwa itatuwa za ka duba, ɓangaren da iska ba ta bugu. Sukan kwana a tare, ɗaruruwa a reshe guda, kuma idan sun naɗe fukafukai sai ka ɗauka busasshen ganye ne ka wuce.

Yanzu ga ainihin aikin. Kada launi ya ruɗe ka. Ruwan goro da baƙi da ɗige-ɗigen fari ba na monak kaɗai ba ne. Tun daga nesa ka lura da salon tashi. Monak babba ne, faɗin fukafukansa santimita 9 zuwa 10, yana kaɗa su a hankali sau biyu ko uku sannan ya saki jiki iska ta ɗauke shi, fukafukan a ɗage kaɗan sama. Mai ƙaura kuma ba ya yawon banza, ya fuskanci kudu ko kudu maso yamma, in ya tarar da gini ya haye ta samansa.

In ya sauka, fiffiken baya za ka zuba wa ido. Babban mai ruɗar mutane shi ne wanda ake kira baisiroi. Ya ɗan fi monak ƙanƙanta, yana kaɗa fukafukai da sauri, in ya saki jiki kuma a shimfiɗe yake riƙe su. Amma shaidar da ba ta da gardama ita ce wani baƙin layi da ya gitta jijiyoyin fiffikensa na baya, wanda monak ba shi da shi sam. Baisiroi ma ba ya ƙaura, a matsayin tsutsa yake yin hunturu cikin naɗaɗɗen ganye. A Tekzas da sauran kudanci akwai kuma kwin, ɗan'uwan monak na jini. Shi launinsa ya fi duhu, ya karkata zuwa ruwan ƙasa, fararen ɗige-ɗige sun bazu cikin fiffikensa na gaba, kuma in ya buɗe ba za ka ga baƙaƙen jijiyoyi masu kauri a samansa ba. In ya rufe fukafukai ne kamar ke tsananta, don haka ka yi haƙuri har ya buɗe.

Bambanta namiji da mace abu ne mai sauƙi. Namiji yana da baƙin ɗigo guda a kan jijiyar kowane fiffiken baya, jijiyoyinsa kuma sirara ne. Mace ba ta da ɗigon, jijiyoyinta sun fi kauri.

Wanda ya taso a ƙasar Hausa zai ga kamar ya san wannan halitta, kuma bai yi nisa da gaskiya ba. Wanda muke gani yana shawagi a kan tumfafiya danginsa ne na kusa, sai dai namu ba shi da waɗannan baƙaƙen jijiyoyi, kuma a Afirka ta Yamma fiffikensa na baya galibi fari ne. Tsutsar monak, mai zanen ɗorawa da baƙi da fari, ba ta cin komai sai ganyen tsirrai masu farin ƙaro dangin tumfafiya. Dafin wannan ƙaro ne ke zama a jikinta har ta girma, shi ya sa tsuntsun da ya ɗanɗana monak sau ɗaya ba ya marmarin sakewa.

Wanda ya gane shi da kyau zai iya shiga aikin manna alama. Masanin jami'ar Toronto, Fred Urquhart, da matarsa Norah ne suka shafe shekaru suna wannan aiki da taimakon 'yan sa-kai, har aka kai ga gano matattarar Meziko a watan Janairun 1975, lokacin da Ken Brugger da Catalina Aguado suka hau dutsen suka gani da idonsu. Mazauna yankin dai sun daɗe da sanin wurin. Tun 1992 shirin Monarch Watch na jami'ar Kansas ke raba 'yan ƙananan alamu masu gam, kowace da lambarta. Ana kama monak da raga mai laushi, a riƙe fukafukan a rufe tsakanin yatsu, a manna alamar a tsakiyar fiffiken baya ta waje, a rubuta lamba da kwanan wata da wuri da jinsi, a sake shi nan take. A ganina rubutun ya fi kamun muhimmanci, don alamar da aka tsinta a Meziko ba ta da amfani in ba a san inda aka manna ta ba.

Wani abu da ya kamata ka riƙe: wanda ka gani yana tafiya kudu bai taɓa ganin Meziko ba. Monak na rani makonni biyu zuwa shida yake yi a duniya, amma zuriyar kaka kan kai wata takwas, ita ce ke yin tafiyar, ta fara komowa arewa a watan Maris. A Meziko ba a ƙirga su ɗaya-ɗaya, faɗin dajin da suka rufe ake aunawa. A hunturun 1996 zuwa 1997 sun rufe sama da hekta 18, a na 2013 zuwa 2014 kuwa ba su cika hekta ɗaya ba. Saboda haka in ka tarar da su a reshe da yamma, ka tsaya daga nesa, kada ka girgiza itacen don neman hoto.