Darasi Ga Iyaye: Yaron Da Ya Shiga Ruɗu Kan Ko Shi Namiji Ne Ko Mace

Godiya ta tabbata ga Allah Mahaliccin bayi, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu ya shafi al'amarin da ake ɓoyewa cikin gidaje saboda kunya: yaro namiji da ya taso da murya da tafiya irin ta mata, ko ɗiya da ta ce ba ta jin kanta mace. Abin da aka saba yi shi ne bulala. In ta kasa, a kai shi wurin boka. In abin ya ƙi, a kore shi. To, ku sani malaman farko ba haka suka ɗauki mas'alar ba.

Imamu Nawawi, cikin sharhinsa ga Sahihu Muslim, ya raba mai ɗabi'ar mata gida biyu. Akwai mai ƙirƙirar abin da gangan, shi ne abin zargi. Akwai kuma wanda aka halicce shi haka, bai ɗora wa kansa ba. Wannan babu zunubi a kansa, babu zargi, babu uƙuba. Hujjarsa ita ce wani mai irin wannan hali da ke shiga gidan Manzon Allah (SAW) ba a hana shi ba, sai ranar da aka ji shi a ɗakin Ummu Salama yana siffanta jikin wata mata ta Ɗa'ifa. Abin da ya faɗa ne ya jawo hanin. Yaro ɗan shekara 7 kuwa, wane gangan ne gare shi?

Akwai kuma mata-maza, wanda littattafan fiƙihu ke kira hunsa, wato wanda halittar jikinsa ba ta fito fili ba. Mukhtasar na Shaihu Halilu da hukuncin gadonsa ya rufe littafinsa: rabin rabon namiji da rabin rabon mace. Wanda shari'a ta yanka wa gado, ta yaya uba zai ce ba ɗan gidansa ba ne? A 1989 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta halatta yi wa irin wannan magani ko aiki bisa abin da ya rinjaya a jikinsa, ta kuma hana sauya halittar wanda gaɓoɓinsa suka cika. Saboda haka a je asibiti, a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, likita ya duba. Jaririn da al'aurarsa ba ta fito sosai ba, in ya kama amai cikin makonnin farko, a gaggauta, domin wani nau'in wannan lalura yana zubar da gishirin jiki, yana kisa. Haka budurwar da ta wuce shekara 15 ba ta ga al'ada ba.

Sau da yawa likita zai ce jikin lafiya lau, ruɗun a zuci yake. Wannan ba hauka ba ne, kada kuma a yi saurin jingina shi ga aljannu. A wasu yara yana gushewa da girma, a wasu yana zama, duka bai taɓa cire shi ba. Yana koya wa yaro ɓoyewa ne kawai. Wanda aka kora kuwa tasha zai kwana, can masu lalata yara ke jira. Likitocin ƙwaƙwalwa sun tabbatar cewa irin waɗannan yara, in gida ya juya musu baya, sun fi shiga haɗarin kashe kansu.

Uwa ko uba ya zauna da shi su biyu, ba gaban kishiya ko ƙanne ba. A tambaye shi tun yaushe yake jin haka, ko wani ya taɓa shi ko ya tsoratar da shi, ko ya taɓa tunanin mutuwa. A saurara har ya gama. A hana yaran gida kiransa ɗan daudu, a bar shi cikin makaranta da sahun salla, a riƙe sirrinsa. Kada a ɗaura masa auren gaggawa da sunan magani, domin ɗiyar mutane ake cuta. In za a nemi shawarar malami, a zaɓi masanin fiƙihu mai riƙe amana, wanda ba zai hau mumbari da maganar ba ranar Juma'a.