DARASI: Ruwan Alwala Daban, Ruwan Sha Daban



'Yan uwa, a fiƙihun Malikiyya da muka taso a kai, ruwa yana nan da tsarkinsa matuƙar najasa ba ta canza launinsa, ɗanɗanonsa ko warinsa ba. Wannan hukuncin alwala ne da wanka. Amma da yawanmu sun kai shi har bakin randa: tunda ruwan garau yake, a sha kawai. Ta nan annobar amai da gudawa, wato kwalara, take shigowa. Ƙwayar cutar ido ba ya ganinta. Tana fita ne a bayan gidan mai cutar, ruwan sama ya kwashe ta zuwa rijiya.

A 2021 ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma jiharmu ta Katsina, har da Funtua, ta ji jiki. Ta fi ɓarna a unguwannin cunkoso, inda gidan haya guda ke kan masai ɗaya, rijiya kuma taku kaɗan ce daga shi. A irin wuraren nan yaranmu na Mahuta ke kama ɗaki idan sun tafi ci-rani Funtua, Zariya ko Kano.

Cunkoso da annoba tsohuwar matsala ce. A shekara ta 18 bayan Hijira, annobar Amwas ta ɗauke Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal (RA) a Sham. Da Amru ɗan Asi (RA) ya karɓi jagoranci, sai ya umarci mutane su watsu cikin duwatsu, kuma Allah ya kawo sauƙi. To mai ɗakin haya ba shi da dutsen hawa, amma zai iya raba ruwansa da ƙazanta:

1. A tafasa ruwan sha, a rufe randa, kar hannu ya shiga da moɗa.

2. A wanke hannu da sabulu bayan tsarki da kafin cin abinci.

3. Gudawa na farawa, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta tafasasshen ruwa, a riƙa ba shi, a garzaya asibiti. Kwalara tana kisa cikin sa'o'i.

4. Wankan wanda ta kashe, a bi umarnin ma'aikatan lafiya, kuma kar ruwan ya gangara wajen rijiya.

Riƙo da sababi cikin tawakkali yake. Ku tura wa na birni.

Allah ya tsare mu. Wallahu a'alam.