Marsandi V-boot: Motar da Aka Ƙera Don Ta Daɗe

An daina ƙera V-boot mai ƙofa huɗu tun 1995, amma har yau tana kan titi. Za ka gan ta a Kano, ka gan ta a Maraɗi, wani lokaci fentinta ya koɗe amma injinta lafiya lau.

Kamfanin Mercedes-Benz na ƙasar Jamus ne ya ƙera ta. Mu muna cewa Marsandi. A kamfanin, lambarta W124. An fara nuna ta ga jama'a a watan Nuwamba na 1984, a birnin Sebiya na ƙasar Sifen. Ta gaji wata Marsandi da ake kira W123. Ba ta kai babbar Marsandi ta shugabanni girma ba, kuma ta fi ƙaramar Marsandi da ake kira 190. Matsakaiciya ce, ta likitoci da manyan ma'aikata da 'yan kasuwa. A Jamus ma har tasi aka yi da ita. Da ta fito, direbobin tasi na can sun yi ƙorafi a kan wasu kurakurai. Kamfanin ya saurare su, ya gyara.

Shugaban masu zanen motocin kamfanin a lokacin shi ne Bruno Sacco, haifaffen Italiya. A ganina, abin da ya fi burgewa a aikinsu shi ne kusan kowane abu a jikin motar yana da dalili.

Dubi bayanta. Murfin but ɗin ya gangaro tsakanin fitilu biyu, yana tsukewa ƙasa kamar harafin V. Daga nan 'yan Najeriya suka raɗa mata suna. Ba don ado kaɗai aka yi haka ba. An yi ne don mai loda kaya kada ya ɗaga buhu ko akwati sama sosai. Fitilun baya kuma suna da kwari-kwari. Idan laka ta fantsamo, sai ta tsaya a kan tudun, haske ya ci gaba da fita ta cikin kwarin. Duk wanda ya yi tuƙi da damina ya san amfanin wannan.

A gaba, waifa ɗaya ce tak. Amma tana miƙewa idan ta nufi kusurwar gilashi, sannan ta dawo. Da haka take goge kashi 86 cikin 100 na gilashin. Madubin gefe ma ba iri ɗaya ba ne: na direba dogo ne a kwance, ɗayan kuwa gajere ne mai tsayi. An kuma sassaƙa jikin motar yadda iska ba za ta riƙe ta ba, don a rage shan mai da ƙara. Kowace tayar baya tana da hannuwa biyar na ƙarfe da ke riƙe da ita. Shi ya sa motar take zama daram a kwana, kuma ba ta jijjiga mutum a gargada.

Yanzu mu koyi karanta lambobin da ke bayanta, domin suna faɗin abin da ke cikin injin. Idan ka ga 230E, girman injin lita 2.3 ne, mai fulogi huɗu. Idan 300E ce, lita 3 ne, mai fulogi shida. Harafin E yana nufin injekta gare ta, ba kafireta ba. Harafin D, kamar a 250D, yana nufin man dizal take sha. A 1993 kamfanin ya mayar da E gaban lamba, aka koma rubuta E220 da E320. Saboda haka idan ka ga harafin a gaba, ta ƙarshe-ƙarshe ce. Amma fa a kula, ana iya sayen lamba a kasuwa a manna. Takardun mota da injin kansa su ne shaida.

Akwai wadda ta fi duka ƙarfi, wato 500E, mai fulogi takwas. Kamfanin Porsche ne ya taya haɗa ta a birnin Situtgat. Kaɗan aka yi, dubu goma da 'yan kai. Gaba ɗaya kuwa, an ƙera W124 fiye da miliyan 2.5. A 1995 sabuwa mai fitilu huɗu zagayayyu ta karɓe ta.

Da Turawa suka koma sababbin motoci, sai tsofaffin suka kwararo Afirka ta Yamma. Da yawa ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka shigo. Nan ne malamin makaranta ko ɗan tireda ya samu damar hawa Marsandi. Makanikai kuma suka laƙance ta, domin injinta na ƙarfe ne da hannu ke iya kwancewa ya ɗaura.

Amma tsufa tsufa ne, kuma mai niyyar saye ya buɗe ido. Ya duba tsatsa a kewayen tayoyin gaba da wurin kafa jak. Ya duba ko injin yana yoyon baƙin mai, musamman mai fulogi shida. Idan ya ga mai a cikin ruwan lagireto, mai yiwuwa gasket ya tafi. Sai babbar matsalar motocin da aka yi wajen 1993 zuwa 1995. Robar da aka naɗe wayoyin injinsu da ita tana bushewa da zafi, ta marmashe. Wayoyi tsirara sai su haɗu, motar ta riƙa mutuwa, har ma wuta na iya tashi. Kafin ka biya kuɗi, kira mai gyaran waya ya buɗe bonet, ya murza wayoyin da yatsa a gabanka. Idan robar ta zube, sai an sake wayoyin duka, kuma kuɗin wannan aiki ya kamata a cire shi daga farashin motar.