Na'urar Wasa ta Hannu da Layin Salula: Yadda Wasa ke Sauka ta Iska

Duk wanda ya bi ta ƙofar harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello da yamma zai ga matasa sun duƙufa a kan wayoyinsu suna wasanni. Sau da yawa ɗalibai kan tambaya: me ya sa waya ke sauke wasa a ko'ina, amma na'urar da aka ƙera musamman don wasa sai an nema mata Wi-Fi? Amsar tana cikin tarihi da kimiyya da lissafi.

Taƙaitaccen Tarihi

A shekarar 1989 kamfanin Nintendo na Japan ya fito da Game Boy. A lokacin kowane wasa yana cikin ɗan kaset da ake sakawa a bayan na'urar. A watan Janairu na 2001 kamfanin ya ƙirƙiro Mobile Adapter GB, wata igiya mai haɗa na'urar da wayar salula, amma a Japan kaɗai aka sayar da ita, kuma aka rufe tsarin a ƙarshen 2002. A cikin 2001 ɗin ne, a watan Agusta, layukan GSM suka fara aiki a Nijeriya. Nokia ta gwada haɗa waya da na'urar wasa wuri guda da N-Gage a 2003, ba ta samu kasuwa ba. A 2011 Sony ta fitar da PlayStation Vita, wadda wani samfurinta ke ɗaukar katin sim na 3G.

Yadda Saƙo ke Tafiya

Kalmar salula ta samo asali ne daga kalmar Turanci mai ma'anar ɗan ƙaramin ɗaki. Da ita Robert Hooke ya kira 'yan ramukan da ya gani cikin ɓawon itace ta madubin ƙara girma a 1665, kuma ita muke amfani da ita ga ƙwayar halitta a darasin bayoloji. Injiniyoyi sun ari kalmar domin suna rarraba gari zuwa ƙananan yankuna, kamar saƙar zuma, kowane yanki da hasumiyarsa.

Wasa ba komai ba ne illa jerin lambobin 0 da 1. Kowace lamba ana kiranta bit, takwas daga cikinsu su ne bait ɗaya. Hasumiya na ɗora waɗannan lambobi a kan igiyoyin rediyo masu gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa. Kwatanta wannan da saƙon jijiyoyin jikin mutum, wanda mafi saurinsa bai wuce kimanin mita 120 a daƙiƙa ba. Idan ka shiga mota daga Kongo zuwa Samaru, hasumiya ɗaya kan miƙa ka ga ta gaba ba tare da ka sani ba.

Matsalolin da Aka Ci Karo da Su

Na farko, girman wasanni. Gudun igiyar rediyo daban, yawan lambobin da layi zai iya ɗauka a daƙiƙa daban. Bari mu ɗauki wasa mai gigabait 2, wato megabit 16,000. Idan layin yana kawo megabit 2 a daƙiƙa, za a buƙaci daƙiƙa 8,000, fiye da awa biyu ke nan. Shi ya sa da farko aka ƙayyade wa Vita megabait 20 kacal ga duk abin da za a sauke ta 3G, alhali wasanninta da dama sun haura gigabait 1.

Na biyu, batir. Gwargwadon nisan na'ura da hasumiya, gwargwadon ƙarfin da take kashewa don saƙonta ya isa, kamar mai ƙwala kira ga wanda ke can ƙarshen gona.

Na uku, kuɗi. Mai na'ura zai sayi data sau biyu, na waya da na wasa. Saboda haka sabon samfurin Vita na 2013 ya zo ba gurbin sim, haka ma Nintendo Switch ta 2017. Mai son sauke wasa a hanya sai ya kunna hotsfot a wayarsa, na'urar ta ci albarkacinta.

Kammalawa

Ke nan wayar da ke aljihu ce ta gaje aikin da aka so na'urar wasa ta yi. Ɗalibin da ya iya wannan lissafi zai san nawa wasa zai ci masa na data da lokaci tun kafin ya danna, musamman idan kuɗin na littafi ne, lokacin kuma na karatun jarrabawa.

Aiki ga Ɗalibai

1. Minti nawa wasa mai gigabait 2 zai ɗauka a layi mai megabit 20 a daƙiƙa?
2. Bayyana dalilin da ya sa batirin waya ke saurin ƙarewa a ƙauyen da sabis ba shi da ƙarfi.
3. Zana taswirar unguwarku, ka nuna wuraren da hasumiyoyin sadarwa suke.