Yadda ake tafiya hutu daga Gure zuwa bakin teku a Kwatano

Nijar ba ta da gaɓar teku, kuma birnin bakin ruwa da ƴan ƙasar suka fi sani shi ne Kwatano ta Jamhuriyar Benin. Tashar jiragen ruwanta ta daɗe tana ciyar da kasuwannin Maraɗi da Damagaram, bututun man Agadem ma da ya ratsa jihar Damagaram can kusa da ita ya ƙare, a Seme. Sai dai yawancin masu zuwa fatauci ne ko sayen mota ke kai su, su gama su juyo ba su ko taka bakin teku ba. Mutumin Gure da ya yi niyyar zuwa don hutawa kawai zai iya, idan ya shirya wa abu biyu: tsawon hanya da halin ruwa.

Da farko sai a zaɓi lokaci. Kwatano damina biyu gare ta. Babbar tana kamawa daga Afrilu zuwa Yuli, a Yuni kuwa ruwa kan cika unguwanni har babur ya kasa wucewa. Ƙaramar tana zuwa wajen Oktoba. Agusta na da sanyi-sanyi, ga ƴan lakkol suna hutu, amma lokacin ne mutanen Muniyo, wato yankin Gure, ke gona. Manomi ya fi kyau ya jira Disamba ko Janairu, an gama kaka, gero na rumbu, can kuma sama ta washe.

Sai takardu. Mafi muhimmanci shi ne katin rigakafin shawara, wanda ake tambaya a kan iyakar Benin. Ana yin allurar kwana 10 kafin tafiya, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. A haɗa da fasfo ko katin ɗan ƙasa da bai mutu ba, yara kuma da takardar haihuwa. Kuɗi babu wahala: sefa ɗaya ce a ƙasashen biyu, jikar Gure ita ce jikar Kwatano. Agogo ma ba a taɓa shi.

Maganar iyaka ce ke son natsuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil. Benin ta buɗe nata ɓangaren a 2024, Nijar ta bar nata a rufe, fasinjoji suka koma ƙetare kogin Kwara da kwale-kwale. A Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar CEDEAO. Saboda haka kafin a sayi tikiti, a je tashar kamfanin mota a Damagaram, irin su Rimbo ko STM, a tambayi yadda ake ƙetarewa a makon da ake ciki. Su ne ke bin hanyar kullum. In kwale-kwale ne, kada a shiga wanda aka yi wa lodi fiye da kima, kada kuma a yarda a ƙetare bayan magariba, ko da direba na gaggawa.

Hanyar kanta ta kusa kilomita 1,800. Daga Gure zuwa Damagaram wajen 160 ne, daga nan a bi babbar hanya ta Tasawa, Maraɗi, Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi har Doso, inda ake karkata kudu zuwa Gaya. Bayan kogi akwai sama da kilomita 700 ta Kandi da Paraku da Dasa. A ware wa tafiyar kwana uku, a yi kwana a Doso ko Gaya, domin arewacin Benin ya sha hare-haren ƴan bindiga a shekarun nan, tafiyar rana ta fi. Wanda ya samu kujerar taga kada ya yi barci bayan Paraku: a nan ƙasa ke sauya kama, gonakin doya da kashu su bayyana, duwatsun Dasa su taso, can gaba bishiyoyin kwakwar manja su rufe gefen hanya. Matan da ke tallar wagashi, cukun Fulani mai jan baya, suna tare mota a tashoshin arewa, kuma ya cancanci a ɗanɗana.

Masauki ga baƙon farko shi ne unguwar Zongo. Akwai babban masallaci, ana jin Hausa da Zabarmanci a kan titi, akwai masu tsire da masu shayi, ba a rasa wanda zai nuna ɗakin haya mai sauƙi. A duba ɗakin kafin a biya: fanka na aiki, akwai ruwa, akwai wurin ɗaura sange. Sauron Kwatano ba ya hutu duk shekara. Zafinta ma daban yake da na Gure. Rana ba ta ƙuna sosai, amma laima ce a iska, zufa ba ta bushewa, rigar da aka wanke da safe kan kai yamma da danshi. Tufafin auduga marasa nauyi su ne magani, a bar shadda mai sitaci a jaka sai ranar Juma'a.

Zirga-zirga cikin gari ta ƴan kabu-kabu ce, waɗanda ake kira zemijan, masu riga ruwan ɗorawa da lamba a baya. Ana gama ciniki kafin a hau, kuma ƴan sanda na kama fasinjan da bai sa hular kwano ba.

Yanzu ga abin da aka zo dominsa. Bakin tekun Fijirose, yamma da filin jirgin sama, shi ne wurin iyali. A je da la'asar. Ana jin rugugin ruwan tun kafin a gan shi, iska na ɗauke da gishiri har a leɓe. Da safe kuwa, a kan hanyar masunta da ta miƙe zuwa Wida, ana tarar da maza a jere suna jan igiyar taru daga teku, sa'o'i suna ja, mata na jira da kwanduna. Mai sayar da ɗanyar kwakwa zai sare mata kai da adda, a sha ruwan, ya tsaga ta a kankare naman da ɓawonta.

Amma tekun nan na cin mutane, har da gwanayen iyo. Gaɓar tana da gangare, igiyar ruwa ta bugo da ƙarfi, in za ta koma sai ta zare rairayin da ke ƙarƙashin ƙafa. Wanda iyakar saninsa tabkin damina kada ruwa ya wuce masa idon sawu, kada ya juya wa teku baya don ɗaukar hoto, yaro kuma a riƙe hannunsa.

Kwana biyu na gaba a fita wajen gari. Ganviye ƙauye ne da aka gina bisa turaku a tsakiyar tabkin Nokuwe, ana shiga jirgi daga Kalabi, kasuwarsu ma a kan kwale-kwale take ci. Wida na da nisan kilomita 40 yamma. Daga tsakiyar garin akwai hanya mai kilomita 4 da aka riƙa kora bayi a kanta zuwa jiragen Turawa, ta ƙare a wata babbar ƙofa da aka gina a 1995 don tunawa da su. Cikin waɗanda aka sayar a wannan gaɓa akwai Hausawa, waɗanda suka yi suna a boren bayi na Bahiya ta ƙasar Barazil, kuma wannan kaɗai ya isa a taka hanyar da ƙafa maimakon a hau babur. A cikin Kwatano kuma akwai gunkin jarumar Dahome mai tsayin mita 30 da aka ƙaddamar a 2022.

Wajen abinci, gasasshen kifi ya wadatar. Nama kuwa a tambaya, don ana sayar da na alade a gidajen abinci da dama a kudu.

Kuɗin komawa a keɓe shi tun ranar isowa, kada tsaraba ta cinye shi. Garin rogo da manja da busasshiyar kwakwa suna jure kwana uku a mota. Abarbar Alada mai zaƙi kuwa a sayi wadda ba ta gama nuna ba, a sa ta a kwali mai huji, a ɗora ta saman kaya.