Idan Gadon Baya Ya Sandare Kan Hanya Ɗaya

Wani tela ya shigo ɗakin gashi yana takawa kamar wanda ya ɗauko tulu cike da ruwa a ka. Wata takwas ke nan bayansa na ciwo. Mai wannan rubutu, wanda likitan fisiyo ne, ya yar da makulli a ƙasa ya ce, "Malam, taimaka ka miƙo mini." Telan ya ja numfashi ya riƙe, ya dafa gwiwa da hannun hagu, ya durƙusa bayansa a miƙe kamar taɓarya. Sau biyar aka maimaita, kuma duk sau biyar ɗin hanya ɗaya ya bi, ba ragi ba ƙari.

Lafiyayyen jiki ba haka yake yi ba. Tun a shekarun 1920 masanin nan na Rasha, Nikolai Bernstein, ya nazarci masu dukan ƙarfe da guduma a Mosko, ya ga ko gwani ba ya maimaita bugu sak: guduma na sauka inda ake so, amma kafaɗa da gwiwar hannu kowane karo da hanyar da suke bi. Haka ƙugu yake. Ƙasusuwa biyar ne a ƙasan baya, da faifan guringuntsi a tsakaninsu, da tsokoki kewaye. Duk sunkuyo sai su sake rabon nauyi, yanzu wannan tsoka ta ɗauka, anjima waccan ta karɓa.

Da ciwo ya haura wata uku, wannan karɓa-karɓa kan ragu. A 2011 Paul Hodges da Kylie Tucker na Jami'ar Queensland a Ostareliya sun bayyana cewa ƙwaƙwalwa ce ke sauya aikin tsokoki don kare wurin da ke ciwo. Dabarar na da amfani a kwanakin farko, amma in ta zarce, nauyi ya riƙa sauka wuri ɗaya kullum, tsoka ta gaji, tsoron motsi ya ƙaru. Ana ganin haka a na'urar auna aikin tsoka: mai lafiya in ya sunkuya har ƙarshe, tsokokin bayansa kan saki, da yawa daga masu daɗaɗɗen ciwo kuwa nasu na nan a ɗaure. A tafiya ma ƙirjinsu da ƙugunsu kan juya tare kamar gungume.

Akwai kuma waɗanda nasu motsin ya yi sako-sako, ba tsari. Shi ya sa ba a aron atisayen maƙwabci sai an gwada mutum.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke da ciwon ƙasan baya a 2020, ana hasashen su kai miliyan 843 nan da 2050. Ƙa'idojin da ta fitar a Disambar 2023 sun goyi bayan motsa jiki da wayar da kan majinyaci, sun kuma ce a guji dogaro da bel ɗin ɗaure ƙugu da magunguna dangin tiramol.

Telan nan ɗaure da bel ya zo. Aka fara da cire shi, sannan ɗaukar makullin ta dama, ta hagu, a zaune, a tsaye, yana sakin numfashi. Aka ce ya riƙa tashi daga kan keken ɗinki lokaci-lokaci yana zagayawa. Bayan 'yan makonni ya koma ruku'u ba tare da dafa bango ba, ko da yake ciwon bai gushe ɗungurungum ba.

Amma wanda ciwon bayansa ya zo da sanyin ƙafa, ko dindiris a matsematsi, ko kasa riƙe fitsari, ko zazzaɓi da rama, kada ya tsaya atisaye a gida. Ya tafi asibiti a ranar.